Yadda Muka Ɓoye wa Abokin Mahaifina Rasuwarsa

Shekarun baya, a shekarar da na gama sakandare ina zaman jiran sakamako, mahaifina ya rasu. Na sha fara rubuta wannan labarin ina gogewa, don da na kai tsakiya sai in kasa ci gaba in ajiye wayar. Amma yau zan daure. Ba rasuwar kaɗai nake so in ba ku labari ba, har da abin da muka yi wa abokinsa bayanta.

Mahaifina kafinta ne. Rumfarsa tana bakin titi a nan unguwar Yelwa a Mubi, inda yake yin ƙofofi da gadaje da bencina, da akwatin gawa idan an yi rashi a cocinmu. Asalinmu ƙauyen Betso ne, can gonarmu take, can kakannina suke kwance. Mutum ne mai surutu. Ko da ƙusa uku a bakinsa sai ya tsokani mai wucewa, mahaifiyata tana ta faɗa cewa wata rana zai haɗiye ɗaya. Idan ya dawo gida da yamma ƙanshin katako ne yake fara shigowa kafin shi. Har yau idan na bi ta gaban masu yankan katako sai na rage tafiya.

Abokinsa Musulmi ne, iyayensa daga Borno suka zo, yana sayar da huluna da turare a kasuwa. Gidansa yana bayan layinmu. Baba Alhaji muke ce masa. Tun suna samari suka haɗu, lokacin da mahaifina ya yi masa kanta a shago, kantar ta karye da kwalaben turare a kanta. Mahaifina ya ce lodi ne ya yi yawa, Baba Alhaji ya ce katakon ne ruɓaɓɓe. Sun yi furfura ba su gama wannan gardamar ba. Ban taɓa jin sun kira juna da suna ba. Mahaifina “Babarbare” yake ce masa, shi kuma ya ce masa “Mutumin dutse”, don ƙauyenmu a yankin duwatsu yake. Duk Kirsimeti Baba Alhaji ne yake zuwa da wuƙarsa ya yanka mana kaji, don shi ma ya ci, kuma sai ya ce kajin sun rame saboda mai gidan marowaci ne.

Sai ciwo ya kama Baba Alhaji. Hawan jini ya kayar da shi a shago, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya ɗan karkace. Yana magana ana ganewa, amma da nauyi. Da aka sallamo shi daga asibiti ya ƙi yarda ’ya’yansa su yi masa wanka, kunya ta hana shi. Mahaifina ya ce a bar masa. Daga nan kullum da safe, kafin ya buɗe rumfa, zai karɓi kunun gyaɗa a wurin mahaifiyata ya nufi can. Ya ɗaga shi, ya wanke shi, ya yi masa aski in gashi ya taru, ya murza masa hannun da man kaɗanya, sannan ya ɗauko shi ya zaunar a ƙofar gida a kan wata kujera mai faɗin hannu da ya ƙera masa. Duk wannan aikin da zagi ake yin sa. Daga waje za ka ji mahaifina yana cewa, “Ɗaga hannun mana! In kai namiji ne ɗaga ka mare ni.” Baba Alhaji yana amsawa, “Bari in warke, za ka gani.” Ranar Juma’a ya sa shi a keke mai ƙafa uku ya kai shi masallaci, ’yan’uwansa su shiga da shi, shi kuma ya zauna a inuwa yana hira da masu sayar da rake har a idar.

Da kaka ta yi muka shirya zuwa Betso cirar gyaɗa, ni da shi. Da safen ranar na raka shi gidan Baba Alhaji. Yana goge masa fuska ya ce, “Kwana biyu zan yi. Kar ka mutu kafin in dawo. Ku ko akwati ba kwa saya, ba ni da ribar komai a mutuwarka.” Baba Alhaji ya yi dariya har da tari, ya ce, “Tafi can. Ka kawo mini gyaɗa, ba irin ta bara mai ƙwari ba.”

Washegari muna gona mu biyu, rana ta ɗaga. Yana gabana yana tuge gyaɗa yana waƙar coci, ni ina bayansa ina kakkaɓe ƙasa. Sai waƙar ta tsaya. Ya ce in miƙo masa ruwa. Kafin in juyo da jarkar ya zauna a kan kunya, sannan ya kwanta a hankali kamar mai jin barci. Na kira shi, na zuba masa ruwa a fuska, na jijjiga shi. Babu kowa kusa, wayata babu sabis. Na zuba da gudu ta ’yar hanyar ƙafa, na tsallake mayo, wato rafin da ke tsakanin gona da gari, ina ihu har na kai gidajen farko. Da muka dawo da mutane ya riga ya tafi.

A Betso aka binne shi, can aka yi zaman makoki. Babban ɗan Baba Alhaji ya zo ta’aziyya, ya ja mahaifiyata da ƙanen mahaifina gefe. Ina zaune kusa ina jin su. Ya ce ba su gaya wa tsohon ba. Likita ya gargaɗe su cewa duk wani mummunan labari zai iya sake kayar da shi, kuma in ya sake faɗuwa ba lallai ya tashi ba. Ƙanen mahaifina ya gyaɗa kai ya ce a wurinmu ma ba a jefa wa mara lafiya labarin mutuwa, sai an jira ya yi ƙarfi. Mahaifiyata ta ce, “Mun rasa ɗaya, kar mu rasa biyu.” Shi ke nan aka tsayar. Za a ce masa aiki ya riƙe mahaifina a Betso, wayarsa kuma ta faɗa mayo.

Da muka dawo Yelwa sai unguwa gaba ɗaya ta shiga cikin maganar. Hajiya, matar Baba Alhaji, ita take tare masu zuwa dubiya tun daga zaure ta ja musu kunne. Aka daina fito da shi ƙofar gida, aka ce masa sanyi ya fara, likita ya hana. Matan zumuntar cocinmu da suka zo gidanmu addu’a, ƙasa-ƙasa suka yi waƙa don kar iska ta kai masa. Saura abu ɗaya: kunu. In kunu ya tsaya zai gane. Mahaifiyata ba za ta iya zuwa ba, fuskarta kaɗai ta isa ta tona komai. Sai aka ce ni.

Ni fa, da ko ɓera na gani sai na hau gado. Kuma a lokacin ko ƙarar faɗuwar murfin tukunya na ji sai in zabura. Na ce wa mahaifiyata ba zan iya ba. Ta ce, “Ki ajiye kawai ki gaishe shi ki fito. Ba wanda ya ce ki yi hira.”

Ba ta san Baba Alhaji ba kenan. Ina shiga na durƙusa na ce, “Baba, kun tashi lafiya? Ya jiki?”

Ya ce, “’Yar kafinta, ke kin dawo, ina Mutumin dutse?”

Na ce, “Yana Betso, Baba. Gyaɗar ta yi yawa bana.”

“Gyaɗa ta yi yawa a gonar malalaci? To. Masu mashin suna zuwa can kullum, ko? Ki aika masa, ki ce Babarbare ya ce gemunsa ya fara kama da na bunsuru, in ya ga dama ya zo ya yi aikinsa.”

Na ce to. Na fita na jingina da bangon zaure, kuka ya ƙwace mini. Hajiya ta riƙe ni ta rufe mini baki da gefen mayafinta har kukan ya wuce.

Washegari ina ajiye kunu ya ce, “Me ya ce?”

Ban shirya komai ba. Sai na ji bakina yana cewa, “Ya ce bunsurun ya yi haƙuri, ai dama kamannin ba daga gemu ya fara ba.”

Baba Alhaji ya fashe da dariya, dariyar ta juye tari, fuskarsa ta yi ja. Na ce shi ke nan na kashe shi. Na fita da gudu ina kiran Hajiya, muka shigo muka tarar yana share hawaye da hannunsa mai lafiya yana cewa, “Ɗan banza! Wallahi ɗan banza ne!” Ranar ya shanye kunun tas.

Haka na zama ’yar aike tsakanin mai rai da wanda ya mutu. Kullum ya ba ni saƙo, kullum in kawo amsa. Ya ce a tambaye shi ko gyaɗar da allura yake cirewa, na ce ya ce da katakon kantar nan yake cirewa shi ya sa ba sauri. Ya ce a gaya masa ’ya’yansa ba su iya murza hannu ba, na ce ya ce a bar masa kayansa kar a lalata kafin ya zo. Ina wanke-wanke ina haɗa amsar gobe. In na rasa abin faɗa sai in rufe ido in tuna yadda mahaifina yake karkata kai kafin ya saki magana, sai maganar ta zo da kanta, da muryarsa.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba a lokacin. Ina tsoron ɗakin nan, amma kuma ina ɗokin gari ya waye in shiga. Ko’ina a Mubi mahaifina marigayi ne. A gida an naɗe kayansa, rumfarsa tana rufe, a coci an ambaci sunansa cikin waɗanda suka riga mu. A ɗakin Baba Alhaji kaɗai yake da rai. A can yana Betso yana cirar gyaɗa, yana da taurin kai, ana jin haushinsa, ana jiran ya dawo. In Baba Alhaji ya ce, “In ya zo sai na ci masa mutunci,” wani lokaci ni ma sai in ji kamar zai zo ɗin.

Amma gyaɗa ba ta shekara ana cirewa. Mutane suka gama suka dawo gari, sabuwar gyaɗa ta cika kasuwa, har masu talla suna wucewa ta bayan tagarsa suna kira. Muka ce dawa ce ta riƙe shi. Aka yanke dawa, muka ce yana gyaran rumbu. Baba Alhaji ya fara rage tambaya. In na kawo amsa sai ya yi ɗan murmushi ya ce, “Haka ya ce?” ya juya kai bango. Daga baya ya daina ba ni saƙo gaba ɗaya. Kunun ya fara dawowa rabi, sannan ya fara dawowa yadda na kai shi. Hajiya ta ce tuwo ma loma biyu yake yi ya ture. In ’ya’yansa suna yi masa wanka rufe ido yake yi har su gama, ba ya ce musu komai. Wuyansa ya zama siriri, hular da take zama daidai ta fara rufe masa kunne.

Na gaya wa mahaifiyata. Ta kira babban ɗansa suka yi magana a tsakar gidanmu. Ya ce, “Mama, yanzu ne ma ba za a gaya masa ba. Dubi yadda ya koma. A bari ya ɗan murmure.” Kowa yana jiran ya yi ƙarfi, shi kuma kullum raguwa yake yi.

Wata safiya na shiga na ajiye kunu zan fita, ya ce wa Hajiya ta je ta dubo masa wani turare a ɗakinta. Tana fita ya ce, “Zauna, ’yata.” Bai taɓa ce mini haka ba, kullum ’yar kafinta ce. Na zauna a bakin tabarma.

Ya ce, “Ina da saƙo. Wannan ba na wasa ba ne, ki riƙe shi da kyau.” Ya daɗe yana haɗa maganar, bakin yana ba shi wahala. “Ki ce wa babanki na gane. Wanke ƙaton mutum kullum ba ƙaramin aiki ba ne. Waɗanda na haifa ma suna kawar da kai. Shi ya yi abin da ɗan’uwa bai yi ba. In ya gaji, ya yi daidai. Ki ce masa ban riƙe shi a zuciya ba.” Ya tsaya ya haɗiyi yawu. “Kawai dai da ya faɗa mini da bakinsa. Kuma ki ce masa ya dawo gidansa, ya buɗe rumfarsa. Kar ya zauna a ƙauye saboda kunyar wucewa ta ƙofata. Ba sai ya shigo ba.”

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba. Maganar likita tana kaina. Na riga na ga mutum ɗaya ya kwanta a gabana bai tashi ba, ga shi ana so in zama dalilin na biyu. Amma kuma ga mutumin da mahaifina ya ɗauka a hannu kullum, yana shirin mutuwa da tunanin mahaifina ya gudu ya bar shi. Kuma har ya yafe masa laifin da bai yi ba.

Na ce, “Baba, bai gaji da ku ba.”

Ya ce, “To me ya riƙe shi?”

Na ce, “Ya rasu, Baba. Babana ya rasu.”

Bai motsa ba. Idonsa yana kaina amma ba ni yake gani ba. Na ga kamar numfashinsa ya tsaya. Na miƙe na ƙwalla ihu ina kiran Hajiya, ta shigo da gudu da kwalbar turare a hannu, babban ɗansa yana bayanta. Sai Baba Alhaji ya ɗaga hannunsa na hagu ya ce, “Bar ihu.” Ya yi salati a hankali, ya maimaita, ya sake maimaitawa. Sannan ya ce, “Yaushe?”

Na ce, “Washegarin ranar da muka tafi.”

Ya yi lissafi a ransa. Can ya ce, “To duk zagin nan wa yake aiko mini?”

Na ce, “Ni ce, Baba.”

“Ke?” Ya dube ni sama da ƙasa. “Shi ya sa. Ina ta cewa Mutumin dutse ya fara ladabi.” Sai bakinsa ya karkace gaba ɗaya, kuka ya ƙwace masa. Ban taɓa ganin dattijo yana kuka haka ba, da sauti, kamar yaro. Cikin kukan yake cewa, “Ashe bai gudu ba. Ashe bai gudu ba.”

Ɗansa ya durƙusa yana cewa, “Baba, ku yi haƙuri, likita ne ya ce…”

Ya ce, “Likitan ya san shi? Kun binne mini aboki, kun bar ni a nan ina jin haushinsa. Da na mutu a haka fa? Da wane ido zan tashi?” Ya juya wurin Hajiya. “Har da ke?” Hajiya ta zauna a ƙasa ta rufe fuska. Ya sake juyowa wurina ya ce, “Wa ya yi masa akwati?” Na ce wani ne a Betso, da katakon da aka samu a kusa. Ya girgiza kai ya ce, “Mutumin da ya yi wa kowa mai kyau.”

Daga nan ya ce a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, a fito da shi. Ɗansa ya fara cewa ai an riga an yi makoki an gama. Ya ce, “Ku kuka yi. Ni ban yi ba.”

Aka fito da shi. Kafin azahar labari ya zaga unguwa, mutane suka fara zuwa, kamar dama kowa ya gaji da riƙe numfashi. ’Yan kasuwa suka zo, dattawan cocinmu suka zo, masu keke suna ajiye kekensu a bakin layi su ƙaraso. Kowa ya durƙusa gabansa ya ce, “Alhaji, ya haƙuri?” shi kuma ya amsa kamar yadda mai rashi yake amsawa. Mahaifiyata ta zo da yamma. Tun rasuwar ba su ga juna ba. Ta durƙusa za ta ba shi haƙuri, ya ce, “Mama, ni zan yi miki ta’aziyya ko ke za ki yi mini?”

Kwana uku ya yi yana zama a wurin. A wannan zaman na ji mahaifina fiye da yadda na ji shi a Betso, don a can ba na cikin hayyacina. Wata tsohuwa ta ce duk damina sai ya zo ya duba mata rufi ba tare da ta kira shi ba, ya gama ya ce kununta ba sukari. Wani mai keke ya ce mahaifina ne ya koya masa yadda ake ɗaukar mara lafiya ba a ji masa ciwo ba. Baba Alhaji da kansa ya ba da labarin lokacin da ’yan bindiga suka shigo Mubi, gari ya watse kowa ya gudu. Ina ƙarama a lokacin, abin da nake tunawa kawai tafiya da ƙishirwa. Ya ce mahaifiyarsa ta kasa tafiya tun kafin a fita gari, ta ce a bar ta. Mahaifina ya goya ta. In ya gaji Baba Alhaji ya karɓa, in shi ma ya gaji mahaifina ya sake karɓa, har Sorau, can bakin iyaka. Ya ce duk hanya tsohuwar tana yi wa mahaifina faɗa wai yana jijjiga ta, shi kuma yana ce mata in ba ta yi shiru ba zai caje ta kuɗin mashin. Mutane suka yi dariya suna share ido.

A rana ta ƙarshe da mutane suka ragu ya kira ni kusa. Ya ce, “Ke kina wurin. Gaya mini yadda ya tafi.” Tun da abin ya faru ba wanda ya tambaye ni. Kowa yana tausayina, da na buɗe baki sai a ce in bar tunawa. Na gaya masa duka, waƙar da yake yi, yadda ya zauna, yadda na gudu. Na ce abin da yake hana ni sakewa shi ne na tafi na bar shi shi kaɗai a cikin gona. Ya ce, “Da kin zauna, da yau kina cewa me ya sa ban gudu na kira mutane ba. Ba ki bar shi ba, ’yata. Ku gidanku ba ku iya barin mutum ba.” Sannan ya ce wa Hajiya ta kawo masa tuwo. Ya ci, ya nemi ƙari.

Bai sake faɗuwa ba. Bai warke ba kuma, hannun haka ya zauna. Amma ya yi shekaru bayan nan yana zama a ƙofar gida, yana faɗa da masu wucewa. Na ci gaba da kai masa kunu har na fara aiki a wani shagon magani a cikin gari, ƙanwata ta karɓa.

Ba na ganin laifin kowa a abin da aka yi. Ƙauna ce ta sa, kuma da abin ya zo da akasi da yau wani labarin nake ba ku, ko kuma ba na iya ba da kowane. Har yanzu in na tuna shirun da ya yi bayan na faɗa, tsoron yana dawo mini sabo. Ban zama jaruma ba. In wani ya zauna ba zato a gabana sai na miƙe tsaye, abokan aikina har dariya suke yi mini. Abin da na gane kawai shi ne mun yi ta tsare jikinsa, mun manta akwai abin da yake ci masa rai fiye da labarin mutuwa. Kuma ina kewar mahaifina. Ina kewar surutunsa, ina kewar yadda su biyun suke cika layi da hayaniya tun da safe. Yanzu in na bi ta wurin shiru ne.

Bara da damina ina shago da rana wayata ta yi ƙara, babban ɗan Baba Alhaji ne. A wurinmu in za a kira ka irin wannan kiran, cewa ake yi jikin ya yi tsanani, ka zo gida. Shi bai ce haka ba. Ya ce, “Baba ya rasu yanzun nan. Ya bar mana wasiyya, ya ce in lokacinsa ya yi a gaya wa ’yar kafinta kafin kowa, kuma a faɗa mata yadda yake, kar a kewaya.” Na zauna a kan kwali, na ji bakina yana ce masa na gode. Na tare keke ban ko rufe shagon ba. Na same shi a gida, ba a fita da shi ba tukuna.